Za ka iya cin bashin banki da gidan da ba naka ne kacokan ba?

Eh, ana yi, amma banki ba zai riƙe fiye da abin da kake da shi ba. Ai ko mai C of O (takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati) a Abuja haya ce ta shekara 99 a hannunsa, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma da wannan takardar ake jingina kullum.

Fara duba takardarka tukuna. In haya ce ta dogon zango da aka yi wa rajista, ka lissafa shekarun da suka rage, dole su zarce wa'adin biyan bashin sosai, sannan ka karanta yarjejeniyar ko mai gidan ya hana jinginarwa, don wasu sukan hana. Hayar shekara-shekara kam manta kawai.

Gidan gado ne ya fi wuya wallahi, kasonka kaɗai za ka iya jinginarwa, banki kuwa ba ya son rigimar 'yan'uwa, gara ku raba gadon ko duk magada su sa hannu. Don Allah kar ka yi a ɓoye.

Daga nan, in gidan a Abuja yake, ka je AGIS (ofishin rajistar filaye na Abuja) da lauya a binciki filin, sai a nemi amincewar Ministan Abuja, in babu ita jinginar ba ta inganta ba.