Yadda za a kare tsoho daga ƙarancin ruwa da yawan goro da shayi

Jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, ƙoda ma ba ta riƙe ruwa kamar da. Don haka kada a jira tsoho ya nema, a miƙa masa. Namiji na buƙatar kamar lita 2 a rana, mace lita 1.6, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a rarraba: kofi ɗaya bayan kowace salla da lokacin cin abinci. Kunu da koko ma suna cikin lissafi.

A riƙa duba fitsari. In ya yi duhu kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. In abin ya daɗe, sai taurin bayan gida, tsakuwar ƙoda, jiri da faɗuwa, har da ruɗewar da iyali kan ɗauka gigin tsufa ne.

Sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikin goro, shayi da Nescafé yana sa bugun zuciya, ya ɗaga hawan jini, ya hana barci, domin rabinsa na nan a jini bayan awa biyar. A tsaya a kofi biyu na shayi ko Nescafé a rana, a daina daga azahar. A rage a hankali, yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai.

Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa, likita ne zai ƙayyade masa ruwan.