Yadda za ka auna karin kumallo in kana son rage tumbi

Kada ka cika ciki da safe da sunan wai za ka ci kaɗan da rana. Hakan ba ya faruwa da kansa. Ni tela ne nan Maraɗi, a zaune nake wuni gaban keke, kuma ko ɗumame na tashi da shi, azahar na yi kwanon shinkafa da wake ba ya tsira. A 2011 wasu likitoci a birnin Munik na Jamus sun bi diddigin abincin mutum 380, suka tarar wanda ya ƙara na safe bai rage na rana ko na dare ba. Ƙarin hawa yake kan lissafin wuni.

To ka fara da duba abin da ke shiga bakinka kafin hantsi. Yawanci ba kokon ba ne matsala, mai ne da sukari. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4. Babban cokali na man gyaɗa kusan 120 ne, shi ko ƙwai guda bai wuce 80 ba. Je ka tsaya wurin mai shayi ka gani: madarar gwangwani, sukari a kanta, ƙwai yana iyo cikin mai, sannan a shafe burodin da mayonez. Mutum ya tashi yana cewa shayi kawai ya sha! Ka ce wa mai shayin ya rage mai, ya bar mayonez ɗin, ko ka sa a dafa maka ƙwan. In koko ne, raba sukarin biyu, ka ƙirga ƙosanka maimakon ka ce a zuba. Ƙosai wake ne, yana riƙe ciki fiye da fanke.

In kai mai jin yunwar safe ne, ci sosai, amma ka cire daga tuwon dare. A 2022 a jami'ar Abadin ta Birtaniya an ba mutane abinci mai kalori daidai, wani lokaci mafi yawa da safe, wani lokaci da dare. Nauyin da suka rage ɗaya ne, sai dai masu cin da yawa da safe ba su sha yunwa kamar na dare ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, a bar miyar yadda take.

In kuma ba ka jin yunwa da safe, kada ka tilasta wa kanka.

Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komi, kuma sikeli guda, don kowane da halinsa. Wannan duk na mai zaman shago ko ofis ne. Manomi mai fita gona da asuba, da mai ciki, da yara 'yan makaranta su ci su ƙoshi. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kuwa, ya ga likitansa kafin ya taɓa abincin safe.