Kurakuran da ɗalibai ke yi wurin tsara furojet a Google Docs

Duk lokacin da anka shiga kakar furojet shagonmu cika yake yi, ɗaliban manyan makarantun Sakkwato, 'yan Danfodiyo da 'yan Shehu Shagari da na poli, kowa da wayarsa a hannu yana cewa malam don Allah a buga mini yau yau gobe zan kai wa sufabaiza. Kuma wallahi mafi yawan ɓata lokacin da muke yi ba a wurin firinta yake ba, a wurin gyaran tsarin da mutum ya yi da hannu yake. Yaro ya kwana yana rubutu, abin da ya rubuta mai kyau ne, amma da na buɗe a kwamfuta sai in ga komai ya watse. Abin na damuna don kuɗinku ne ke tafiya a takardar da za a yaga.

Babban abin da ya fi ba ni wahala shi ne danna Enter sau goma ko ashirin don babi na biyu ya koma sabon shafi. A ranar da ka yi shi zai zauna daidai, to amma da sufabaiza ya ce ƙara layi uku a babi na ɗaya shi ke nan, kan babi na biyu ya gangara tsakiyar shafi, na uku ma ya bi shi, har na biyar, sai ka koma kana goge Enter ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa cikin wanga zafi na Sakkwato. Maganinsa ɗan ƙarami ne: ka aje alamar rubutu a gaban kan babin ka danna Ctrl da Enter tare. Babin zai fara a sabon shafi kuma can zai tsaya ko shafi nawa ka ƙara a sama. Haka masu tura sunansu tsakiyar shafin farko da sifes, suna dannawa suna dubawa da ido. A'a, Ctrl+Shift+E ne ke kai rubutu tsakiya, kuma ba ya gocewa in an canza girman harafi.

Na biyu kanun babi. Mutum ya rubuta BABI NA ƊAYA ya kumbura shi ya yi mai baƙi, a ganinsa ya zama kai. Ga ido kai ne, ga kwamfuta kuwa layi ne kamar sauran. Ka zaɓi layin ka ba shi Heading 1, ƙananan kanu kamar 1.1 da 1.2 ka ba su Heading 2. In ka yi haka Docs da kansa zai haɗa maka shafin abubuwan da ke ciki da lambobin shafi, in wani abu ya motsa ka danna alamar sabuntawa ya gyaru. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa mini ta rubuta nata da hannu, ɗigo ɗigo har bakin lamba, shafi biyu cur, ta ce daren jiya duka a kansa ta ƙare. Da munka gyara tazarar layi duk lambobin sunka tashi aiki. Na tausaya mata ƙwarai, don abin da ya cinye mata dare ba ya kai minti biyar.

Sai girman takarda. Mu nan A4 muke bugawa, faɗinta santimita 21 tsawonta 29.7, amma sau da yawa fayil na zuwa a kan Letter irin ta Amurka wadda ta ɗan fi faɗi kuma ta gaza tsawo. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya shiga File ka je Page setup ka mayar A4. Can kuma za ka duba ko fayil ɗin na kan Pageless, in yana kai ba za ka ga inda shafi ya ƙare ba sam. Docs yana farawa da Arial mai girman 11, sassa da yawa kuwa Times New Roman 12 suke so, to ka tambayi sashenku tun da wuri.

Kwafo rubutu daga intanet ko WhatsApp ma yana kawo nasa, sai ka ga sakin layi ɗaya da harafi iri uku da wata inuwa toka-toka a bayansa. Liƙa da Ctrl+Shift+V, rubutun zai shigo tsirara ya ɗauki tsarin fayil ɗinka.

'Yan sashen Hausa ku kuma taku matsalar ƙ da ɗ da ɓ ce. Wasu na rubuta k' da d' wasu na barinsu babu lanƙwasa, alhali kowa ya san bambancin baki da baƙi. A waya kibod ɗin Gboard na da Hausa, ka ƙara ta cikin harsuna. A kwamfuta shiga Tools ka je Preferences ka buɗe Substitutions, ka ce duk inda na rubuta kk a mayar da shi ƙ, sai dai ka lura hakan na aiki ne in kk ɗin ya tsaya shi kaɗai, don haka ga kalmomin da kake yawan maimaitawa irin su ƙasa da ɗalibi gara ka saka kalmar gaba ɗaya. Kuma ka duba da idonka ko harafin da ka zaɓa na nuna su daidai, wani lokaci za ka ga ƙ ɗin ta fita daban da 'yan uwanta.

Wurin turawa, kar ka ba kowa izinin Editor. Abokin da kake so ya duba maka ba shi Commenter, gyaransa zai fito a matsayin shawara, ka karɓa ko ka ƙi. In kuma wani ya riga ya goge maka babi kar hankalinka ya tashi, Version history cikin File na riƙe da yadda fayil ɗin yake jiya da shekaranjiya, ka zaɓi wanda kake so ka dawo da shi. Ka kunna Offline tun kana da data, don ranar da netwok ya ɗauke ka ci gaba da aiki.

In za ka zo bugawa, ka sauke shi PDF ka buɗe ka bi shi shafi shafi a wayarka tukuna, sannan ka turo mini wannan ɗin. Na Docs ɗin ka riƙe shi don gyaran da sufabaiza zai sake ba ka.