Kofi da kwali sun isa fitar da gizo-gizo daga ɗaki

Jama'a, in kun ga gizo-gizo a bango, ku daina ɓarnar maganin feshi. Ku kifa masa kofin gilashi, ku zura kwali mai ɗan kauri ta ƙarƙashi a hankali, sai ku ɗaga gaba ɗaya ku fita da shi.

Gilashi ya fi, don kuna ganin inda yake, ba za ku datse masa ƙafa ba. Kuma da yawa daga cikinsu santsi ba ya barin su su hau. Takardar littafi lanƙwashewa take yi, ya sami kafa ya sulale.

Ni dai ban ga amfanin kashe shi ba. Sauro da ƙuda ne abincinsa, musamman da damina, ga shi feshin nan yara da masu asma ke shaƙa.

Kada ku sake shi a tsakar gida cikin rana, kaji ko ƙadangare za su tsince shi nan take. Ku kai shi gindin itacen girki, bayan rumbu, ko sito. Wanda ya saba da ɗaki ba ya jure fili.

Dabarar ba ta aiki a lungun silin, kofi ba ya zama daidai. Nan sai doguwar tsintsiya. In kun ga farin ƙunshin ƙwai a jikin yanar, ku fitar da shi ma, in ba haka ba 'ya'yan za su cika ɗakin. Kunama kuwa kada ku gwada mata wannan.

In kullum dawowa suke, duba fitilar bakin ƙofa. Ita ke tara ƙwarin da suke bi.