Totur ya maƙale, inji na ihu: kurakuran da aka fi yi

Ka ɗaga ƙafa daga kan totur, amma mota ba ta san ka ɗaga ba. Inji na ta kururuwa, allurar da ke nuna juyinsa ta haura dubu huɗu tana neman jan layi. Duk wanda abin ya taɓa samu a kan titi ya san yadda gaba ke faɗuwa. Galibi kuma abin da ya jawo ƙarami ne, ido na ganinsa, hannu na taɓa shi. Ɓarnar tana zuwa ne daga abin da direba ya yi a daƙiƙun farko, da abin da bakanike ya yi washegari.

Kuskure mafi muni shi ne hannu ya fara kai wa makulli. Da zarar inji ya mutu mota na gudu, sitiyari zai yi tauri, burki kuma saura taku ɗaya ko biyu ya zama dutse. A wasu motocin ma, in ka murɗa makullin har ƙarshe, sitiyarin kullewa yake yi. Abin da ya kamata shi ne ka danne burki da iya ƙarfinka, ka mayar da giya firi, wato harafin N a mota otomatik. In mai kuloci ce, ka taka shi har ƙasa. Injin zai ƙara ihu, ƙyale shi. Motocin injekta suna da kwamfutar da ke yanke mai idan juyi ya kai iyaka. Tsohuwar mota mai kabireta galibi ba ta da wannan kariyar, don haka ita ka gaggauta gangarawa gefe. Sai ka tsaya cak sannan ka kashe. Idan motar ta maɓalli ce kuma dole ta sa ka kashe tana tafiya, latsawa sau ɗaya ba ya yi. A Toyota sai ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa uku.

Wani kuskuren shi ne famfon burki, a taka a saki, a taka a saki, al'adar da muka gada daga tsofaffin motoci. Abin da ke sa burkin motar fetur taushi iska ce da inji ke zuƙewa daga wani tulu da ke bayan feda. Idan totur ya buɗe gaba ɗaya, wannan zuƙar kusan babu ita, kowane saki kuma yana cinye ɗan abin da ya rage a tulun. Taku ɗaya mai ƙarfi, ka riƙe.

An tsaya lafiya, alhamdu lillahi. Yawancin mutane daga nan bonet suke buɗewa, alhali ƙasan ƙafa ya kamata a fara leƙawa. A watan Agustan 2009 wata Lexus ES 350 ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego a Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu. Bincike ya nuna shimfiɗar ƙafa ta roba, wadda ba tata ba ce, ita ta danne totur. Bayan nan Toyota, mai ƙera Lexus, ta kira motoci kusan miliyan 3.8 a mayar mata don gyara saboda shimfiɗa, a Janairun 2010 kuma ta sake kiran wasu miliyan 2.3 saboda feda mai cijewa. Camry ta 2007 zuwa 2010 tana ciki, ga ta nan kuwa cike da titunanmu. Mu kuma me muke yi? Ga kafet na asali, mu ɗora na roba a kai don kada ya yi datti, wani har da gutsuren darduma. Ni kaina gorar ruwa ce ta taɓa gangarowa daga ƙarƙashin kujera ta shige bayan feda, ina tsakiyar cunkoso, sai da na durƙusa bayan na tsaya sannan na ganta. Shimfiɗa ɗaya ta isa, a maƙala ta a ƙugiyarta.

In ƙasa lafiya lau, to a bi wayar totur, wadda ta taso daga feda zuwa inji. A kashe inji, wani ya riƙa taka totur a hankali yana saki, kai kana kallon inda wayar ta ƙare a jikin inji. Ya kamata hannun da take ja ya koma mazauninsa da kansa, ka ji ƙas. Idan yana jan jiki, zare wayar daga jikinsa ka murɗa shi da hannu. Ya koma tsaf? Laifin waya ne. Har yanzu yana cijewa? To ko sifirin ya mutu, ko datti ya kama murfin da ke cikin maƙogwaron iska, wanda totur ke buɗewa iska ta shiga inji. Gwaji ne na minti biyar wanda ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi tsallakewa.

Wayar da silinta suka fara tsinkewa ba ta da magani sai canji. Ɗura mata baƙin mai ko giris yana sa ta yi laushi kwana biyu, daga nan ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙon ta zama taɓo. Haka ƙara sifirin na biyu, ko ɗaura robar tayar keke don ta riƙa jawo hannun baya: an ɓoye ciwo ne kawai. Idan kuma aka sa sabuwa ta sake cijewa, ko aka ga rigarta ta narke, a duba wayar at da ke tsakanin inji da bodi, wadda wuta ke bi ta koma batir. In ta saki, wutar kik takan bi ta wayar totur ta gasa ta.

Ba kowane hawan inji ba ne maƙalewar totur. Injin da ya yi zafi, in ba a taka totur ba, yakan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti, shi ake kira silo. Idan ya tsaya a 1,500 ko 2,000 alhali murfin a rufe yake, sau da yawa iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko tiyo ya tsage ko gasket ya ci. Kasa kunne, za ka ji tsaki. Nan ne za ka ji an ce, “Oga, bari mu rage mata silo,” a kama sukurun da kamfani ya saita a murɗe. Tsagar tana nan, an kuma ƙara wata matsalar. Cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu wai don maganin zafi, shi ma yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ɗaga silo.

Motocin da toturinsu na lantarki ne ba su da wayar ja kwata-kwata. Wani ɗan ƙaramin inji ne na lantarki ke buɗe murfin. Kada a tura yatsa ciki makulli na kunne, tana iya datse shi. Bayan an wanke maƙogwaron, silo yakan hau har sai an sake koya wa kwamfuta mazaunin murfin. Wanda bai san haka ba sai ya ce birenbos, wato kwamfutar motar, ya lalace, a tura ka kasuwa neman na Beljiyam. Kafin ka sayi komai, a jona na'urar gwaji a karanta abin da motar ke faɗa.

Dizal kuma nasa daban ne. Idan tabo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ya fara yoyon baƙin mai cikin hanyar iska, inji yakan koma shan mansa, ya yi ta hawa, hayaƙi ya turnuƙe salansa, ka zare makulli ma bai san kana yi ba. A mota mai kuloci, sa giya mafi girma, danne burki, ka saki kuloci ya shaƙe. In ba haka ba, a toshe bakin iska da katako mai faɗi. Tsumma injin zai haɗiye shi, tafin hannu kuwa kada ma a kai shi kusa.