Inda ya kamata ka sauka idan ka zo Kumasi

Ɗan'uwa, kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, fara duba abin da ya kawo ka, don masaukin ɗan kasuwa daban, na mai jinya daban.

In albasa ko shanu ka kawo, ko goro ka zo saya, nemi maigida a Zango. Haka fatake suka yi tun zamanin da, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ba. A gidanmu na Aboabo, ɗakin da ke jikin zaure na baƙi ne tun mahaifina yana raye: katifa, tabarma, buta da fanka. Amma ɗakin shi ne ƙaramin abu. Maigida ne zai ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da dillalin kirki, ya yi maka tafinta da yaren Asante a kasuwar Kejetia, in bashi ya maƙale ya tsaya maka. Sau da yawa ba ya karɓar kuɗin kwana, la'adarsa daga ciniki take fita, saboda haka ku yanke ta tun ranar farko. Kuma kada ka faɗo haka kawai, ka sa wanda ya san ku duka ya kira shi tukuna.

Mai jinya a asibitin Komfo Anokye kuwa, ɗaki a gidan haya a unguwar Bantama, kusa da asibitin, ya fi masa sauƙi, a biya mako-mako. Buɗe famfo da hannunka ka ga ko ruwa na zuwa. Tambayi mutum nawa ke raba bayi, don layin asuba ba wasa ba ne, sannan wa ke sa kuɗi a mitar wuta. Hajiya, ke kuma ki tabbatar za a bar ki ki ɗora tukunya, marar lafiya ba ya rayuwa kan koko da ƙosai kaɗai.

Akwai gidajen da aka mayar ges haus. Nemi ganin lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Gana, ka kuma leƙa ko akwai mashaya a harabar, in ba haka ba kiɗa zai hana ka barci.

Ciki da falon da ake haya ta Airbnb, manhajar kama masauki ta intanet, na mai iyali ne da aljihunsa ke da nauyi. Wanda kuma ya turo maka hoton ɗaki ta WhatsApp yana neman kafin alƙalami, kada ka tura masa ko sidi ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sai ka tsaya cikin ɗakin da ƙafarka.