Babi na 7: Turancin Jikin Rediyo da na Bakin Mai Gabatarwa

Darasi na farko

Kowa ya ɗauko rediyonsa ya ajiye a gabansa. Kada a kunna tukuna.

Ku duba gefen akwatin. Akwai ɗan maɓalli da ake turawa, kusa da shi an rubuta BAND, wato zango. Za ku ga haruffa: FM, da AM ko MW, da SW. Ku ɗora yatsa a kai. FM na tashoshin kusa ne, irin su Freedom Radio ta Kano a kan 99.5. MW matsakaicin zango ne. SW kuwa gajeren zango, inda iyayenmu suka saba kamo BBC Hausa, wadda ta soma a 1957.

Babban abin murɗawar nan mai rubutun TUNING na neman tasha ne. VOLUME na ƙarar sauti ne.

To, ga inda ake tuntuɓe. Zango ake fara zaɓa, sannan a murɗa. A sake faɗa tare da ni: zango tukuna, murɗawa daga baya. Lambobin FM daga 88 suke zuwa 108. In maɓallin yana kan SW, ko kwana ka yi kana murɗawa ba za ka ji 99.5 ba, sai "shuuu" kawai. Wani dattijo a ajina sau biyu yana sayen sabon batir, yana zaton nasa ya mutu, alhali jikansa ne ya ture maɓallin. Ba abin kunya ba ne, Baba, kowa da haka ya fara.

A gwada. Yatsa kan BAND. Tura zuwa FM. Yanzu murɗa TUNING a hankali har allurar ta kusa 100. Madalla! A kashe, a sake daga farko. Me za a fara taɓawa? BAND.

Amma fa jama'a, mako uku ke nan ina nanata wannan, har yanzu wasu hannunsu TUNING yake fara kaiwa. Wanda bai gwada a gida ba, ina gane shi tun daga yadda ya riƙe akwatin. Don Allah a daina wannan sakaci.

Darasi na biyu

In mai gabatarwa ya ce "tune in", yana nufin ku kamo tasharsu. In ya ce "stay tuned", kada ku taɓa komai, daidai yake da "ku ci gaba da kasancewa tare da mu". Turawan Amurka kan ce "don't touch that dial", wato kada a murɗa zuwa wata tasha. "On air" na nufin ana watsawa yanzu, jar fitilar ɗakin shiri tana kunne. "Live" shi ne kai tsaye.

Darasi na uku

"Shout-out", gaisuwa. "Jingle", ɗan kiɗan tasha ko na talla. A kwafe su a littafi sau biyar-biyar, a zo da rediyo ranar Laraba.